FASHIN BAƘI: Yadda kawar da ciyawar daji ke ƙarar da malam-buɗe-littafi

A watan Disamba na kowace shekara, jami'an hukumar kula da gandun daji ta ƙasar Meksiko da ma'aikatan ƙungiyar WWF kan hau duwatsun jihar Michoacan da na jihar da ke maƙwabtaka da ita domin gudanar da wata ƙidaya. Abin da suke ƙidayawa malam-buɗe-littafi ne, wani nau'i mai fukafukai ruwan goro da baƙin zane, wanda Amurkawa ke kira monak, wato basarake. Da yake ƙwarin sun fi ƙarfin a lissafa su ɗaya bayan ɗaya, sai a zagaye itatuwan da suka yi wa dafifi, a auna faɗin wurin da hekta.

A hunturun 1996 zuwa 1997 awon ya ba da hekta 18.19, kwatankwacin filin ƙwallo 25. A hunturun 2013 zuwa 2014 ya rikito zuwa hekta 0.67, abin da bai cika filin ƙwallo ɗaya ba. Bayan 'yar farfaɗowa, ya sake komawa hekta 0.9 a 2023 zuwa 2024, sannan ya ɗaga zuwa 1.79 a shekarar da ta biyo baya. Mizanin da masana suka gindaya domin ƙwaron ya kuɓuta daga haɗari shi ne hekta 6.

Babu wanda ya ɗaura ɗamarar yaƙi da monak. Ba ya ɓarna a gona, ba a farautarsa, Amurkawa da mutanen Meksiko ma alfahari suke yi da shi. Abin da ya same shi daga ƙasa ya faro: tsirran da rayuwarsa ta rataya a kansu ne aka yi ta kawarwa sannu a hankali, da garma, da maganin feshi, da kuma dokokin noma waɗanda ba dominsa aka yi su ba.

Tafiyar da tattaɓa-kunne ke ƙarasawa

Nauyin monak kimanin rabin giram ne kawai. Duk da haka, daga ƙarshen Agusta yakan taso daga kudancin Kanada da arewacin Amurka ya nausa kudu, tafiyar da kan kai kilomita 4,000, kusan ninki huɗu na nisan Kano zuwa Legas. Yakan isa duwatsun tsakiyar Meksiko a farkon Nuwamba, daidai lokacin da mutanen yankin ke bikin tunawa da mamatansu, ya sauka a kan wasu dogayen itatuwa da ake kira oyamel, a tudun da ya kai kusan mita 3,000. A nan yake shafe hunturu, miliyoyi a maƙale da juna har rassa na rankwafawa.

A watan Maris sai a juya arewa. Matan su zuba ƙwai a arewacin Meksiko da jihar Texas, su mutu. 'Ya'yansu su ci gaba da tafiya, su hayayyafa, su ma su mutu cikin mako biyu zuwa shida. Jikoki su ɗora daga nan. Waɗanda ke komawa Meksiko a ƙarshen shekara tattaɓa-kunnen waɗanda suka baro ta ne, ko ma 'ya'yan tattaɓa-kunne. Ba su taɓa ganin dajin ba, kuma su ne masu tsawon rai, domin sukan kai wata takwas.

Mazauna duwatsun sun daɗe da sanin baƙin nasu, amma masana kimiyya ba su gano masaukin ba sai a Janairun 1975, lokacin da Ken Brugger da Catalina Aguado suka kai gare shi. Kafin nan Fred Urquhart na Jami'ar Toronto da matarsa Norah sun shafe shekaru da dama suna liƙa wa ƙwarin 'yar alama a fiffike suna bin diddiginsu.

Tafiya irin wannan sarƙa ce da ta ratsa ƙasashe uku. Kowane zango na buƙatar tsironsa a kan lokaci, kuma duk inda zobe ɗaya ya ɓalle, na gaba da shi ba su da abin riƙewa.

Me ya sa sai tsiro guda?

Wanda ya ga malam-buɗe-littafi yana tashi daga wannan fure zuwa wancan zai ɗauka kowane tsiro ya ishe shi. Hakan gaskiya ne ga balagagge, wanda ruwan zaƙin fure kawai yake zuƙa. Amma kafin ya yi fiffike sai da ya zama ƙwai, ya zama tsutsa, sannan ya ƙudundune cikin kwanso. Tsutsar ce mai cin ganye, kuma a yawancin nau'o'i tana da tsananin zaɓe: idan ba ta sami tsiron da ta gada ba, yunwa ce ke kashe ta ko da tana kwance a kan ɗanyen ganye.

Tsiron tsutsar monak ɗan'uwan tumfafiya ne. Danginsu ɗaya, kuma kamar ita, idan aka karya ganyensa farin ruwa mai kama da nono ne ke fitowa. Masana na kiran jinsinsa Asclepias, akwai kuma nau'o'insa fiye da 70 a Amurka. Domin sauƙi, ana iya ce masa tumfafiyar Amurka. Macen monak kan ɗanɗana ganye da ƙafafunta. Idan ta tabbatar shi ne, sai ta liƙa ƙwai guda a bayansa, ta wuce na gaba. A tsawon rayuwarta takan yi ƙwai 300 zuwa 500. Bayan kimanin kwana huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi kusan mako biyu ba ta da aiki sai cin ganyen.

Nonon tsiron na ɗauke da dafin da ke taɓa bugun zuciya, shi ya sa dabbobi ke gudunsa. Tsutsar monak kuwa tana cinsa lafiya, har ta adana dafin a jikinta zuwa bayan ta yi fiffike. A shekarun 1960 masanin ƙwari Lincoln Brower ya ba wasu tsuntsaye monak suka ci. Cikin 'yan mintoci suka amayar, daga nan kuma suka riƙa kauce wa duk mai irin wannan launi. Ke nan tsiron abinci ne, garkuwa ne kuma.

Monak ba shi kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Wani ƙaramin shuɗi da ake kira Karner, wanda Amurka ta saka cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a 1992, tsutsarsa ganyen wani furen daji guda take ci. Wani shuɗin mai suna Xerces ya ɓace daga doron ƙasa a farkon shekarun 1940, bayan gine-ginen birnin San Francisco sun cinye tuddan yashin da tsirransa ke fitowa.

Ƙasar da garma ta cinye

Kafin zuwan Turawa 'yan kama-wuri-zauna, tsakiyar Amurka ta Arewa wani makeken filin doguwar ciyawa ne, daga lardin Manitoba na Kanada har Texas. Faɗinsa ya kai eka miliyan 170, kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Najeriya. Babbar ciyawar wurin, wadda kan shanye tsayin mutum, jinsinta ɗaya da gamba da ake yin zana da jinka da ita a ƙasar Hausa. Dukkansu Andropogon ne a wurin masana. Saiwoyinta kan nutse mita biyu ko fiye, kuma a tsakaninta ɗaruruwan furannin daji ke fitowa bi da bi, daga bazara zuwa kaka. Wuta da kiwo ne ke riƙe da filin: 'yan asalin nahiyar na cinna wa ciyawar wuta lokaci zuwa lokaci, garken ɓaunar Amurka na bi suna kiwo, itatuwa ba sa samun damar mamayewa.

A 1837 wani maƙeri mai suna John Deere ya ƙera garmar ƙarfe mai santsi wadda ƙasar wurin ba ta liƙe mata. A 1862 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar raba wa duk mai son noma eka 160, a ƙasar da aka kori masu ita na asali. Cikin shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba aka juye filin. Abin da ya rage yau bai kai kashi 4 cikin 100 ba, yawancinsa a tuddan jihar Kansas masu duwatsu, inda garma ta kasa shiga. A jihar Iowa, saura bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba.

Ƙwarin da tsutsotsinsu ke cin ciyawar kanta su ne suka fi jin jiki. Wani ɗan ƙarami da ake kira Poweshiek, wanda aka raɗa wa sunan wani yanki na Iowa, tsutsarsa a gindin ciyawar daji take shafe hunturu, ba ya kuma iya tashi mai nisa ya tsallake gonaki zuwa wani fili. A da yana cikin waɗanda aka fi gani a yankin. A 2014 aka ayyana shi cikin masu dab da ƙarewa, kuma yau sai a wasu 'yan wurare ƙalilan, musamman a Michigan da Manitoba.

Shi monak ya tsallake zamanin garma. Nau'in tumfafiyar Amurka da ya fi yawa yana son ƙasar da aka motsa, yana kuma yaɗuwa ta saiwa, saboda haka ya bi manoma cikin gonakin masara da waken suya ya zauna. Har ma an taɓa neman sa ruwa a jallo: a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kama tsibirin Java ta toshe hanyar audugar rimi da ake cusawa a rigunan kariya daga nutsewa, 'yan makarantar Amurka aka baza suna tattara audugar wannan tsiro domin sojojin ruwa.

Abin da ya sauya a 1996

Sinadarin gilifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup, yana kashe kusan duk koren tsiron da ya taɓa, yana kuma bin jiki har saiwa. Saboda haka a da manomi ba ya iya fesa shi a kan shukar da ta riga ta tsiro. Noma da tsofaffin magunguna kuwa kan kashe saman tumfafiyar ne kawai, saiwar ta sake tofowa.

A 1996 Monsanto, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya saye a 2018, ya fito da irin waken suya da aka sauya wa ƙwayoyin halitta yadda gilifoset ba ya kashe shi. Masara irin wannan ta biyo baya a 1998. Daga nan manomi na iya feshe gonarsa gaba ɗaya bayan shuka ta tashi, komai ya mutu ban da amfaninsa. Manoma sun rungumi tsarin ne bisa hujja: yana rage wahala da kuɗin aiki, yana kuma rage yawan huɗar da ke jawo zaizayar ƙasa. Cikin shekaru ashirin, kusan kashi 90 cikin 100 na masara da waken suyar Amurka sun koma irin wannan.

Masana biyu, John Pleasants na Jami'ar Jihar Iowa da Karen Oberhauser wadda a lokacin take Jami'ar Minnesota, sun lissafa abin da hakan ya haifar. A binciken da suka wallafa a 2013 sun ƙiyasta cewa tsakanin 1999 da 2010 tumfafiyar Amurka ta ragu da kashi 58 cikin 100 a yankin noman masara, yayin da hayayyafar monak a yankin ta ragu da kashi 81. Dalilin tazarar shi ne, macen monak ta fi zuba ƙwai a kan tsiron da ke cikin gona, kusan ninki huɗu na wanda take zubawa a kan na bakin hanya. Mafi kyawun gidan renonta ne aka share.

Akwai bambancin da ke yawan ɓacewa a muhawarar irin da aka sauya wa halitta, har a Najeriya. Iri mai jure maganin ciyawa daban, iri mai kashe tsutsar da ke cinsa daban. Masarar TELA da waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Zariya ta fitar suna cikin rukuni na biyu. A 1999 wani gwajin ɗakin bincike a Jami'ar Cornell ya tayar da ƙura cewa garin furen masara mai kashe tsutsa na iya hallaka monak, amma binciken da aka yi a gonaki aka wallafa a 2001 ya nuna haɗarin ƙanƙane ne. Ɓarnar da aka auna daga baya ta rukuni na farko ce, ta hanyar share tsiron baki ɗaya.

Dokar man masara

Ko da tumfafiya ta ƙare a cikin gona, akwai sauran mafaka a gefenta. Tun 1985 gwamnatin Amurka ke da shirin biyan manoma kuɗin haya domin su huta da noma filayen da ke saurin zaizayewa, su bar ciyawa ta rufe su. A 2007 filayen da ke cikin shirin sun kai eka miliyan 36.8.

A wannan shekarar ce kuma majalisa ta faɗaɗa dokar 2005 da ta wajabta gauraya man fetur da itanol, man da ake tatsa daga masara. Farashin masara ya tashi, hayar gwamnati ta daina burge manomi. Wani bincike na Jami'ar Wisconsin ya gano cewa tsakanin 2008 da 2012 an mayar da eka miliyan 7.3 gonaki, kuma kashi 77 cikin 100 na wannan fili ciyawa ce a da. Dokar noma ta 2014 ta zo ta rage iyakar shirin hutar da ƙasa zuwa eka miliyan 24. A yau kimanin kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka matatun itanol take tafiya.

Siyasa na da hannu a ɗorewar wannan doka. Iowa ce kan gaba a noman masara, kuma shekaru da dama ita ce jihar farko da masu neman takarar shugaban ƙasa ke gwada farin jininsu. Kaɗan ne daga cikinsu ke yarda su soki itanol a gaban manoman jihar. Dokar da aka tallata da sunan kare muhalli da rage dogaro da man ƙetare ta zama cikin abubuwan da suka cinye ragowar ciyawar daji.

Inda masana suka saɓa

Ba dukkan masana ne suka yarda ƙarancin tumfafiya shi ne babban dalili ba. Anurag Agrawal na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun nuna a 2016 cewa ƙidayar da ake yi a arewa lokacin zafi ba ta faɗi kamar ta Meksiko ba, abin da ke nuna cewa da yawa a hanyar komawa suke mutuwa. Matafiyi na buƙatar guzuri, kuma guzurin monak shi ne ruwan zaƙin furannin dajin da ke buɗewa da kaka, wanda yake mayarwa kitsen da zai ci har ƙarshen hunturu. Idan fari ya faɗa wa Texas, ko aka yanke ciyawar bakin hanya kafin ta yi fure, sai ya isa Meksiko da rama, ko ya kasa isa.

Wani bincike na 2021 ya gano cewa daga 2004 zuwa 2018 yanayin zafi da ruwan sama a lokacin hayayyafa ne ya fi juya adadin daga shekara zuwa shekara. Wani na 2024 ya danganta raguwar malam-buɗe-littafi a yankin noman masara da magungunan ƙwari, musamman waɗanda ake shafe iri da su kafin shuka.

Saɓanin a kan wanne ya fi nauyi ne. A kan cewa ana asara, babu jayayya. Binciken da mujallar Science ta wallafa a Maris 2025, wanda ya tattara ƙidaya fiye da 76,000, ya nuna cewa yawan malam-buɗe-littafi a jimlace a Amurka ya ragu da kashi 22 cikin 100 tsakanin 2000 da 2020. Monak na yammacin ƙasar, wanda ke hunturu a gaɓar tekun California, ya faɗo daga fiye da miliyan ɗaya a 1997 zuwa ƙasa da 2,000 a 2020. Ya farfaɗo zuwa sama da 200,000 na 'yan shekaru, sannan ya koma 9,119 a ƙidayar ƙarshen 2024.

Dajin da ake mutuwa a kansa

A Meksiko matsalar itace ce. Dajin oyamel bargo ne da laima ga ƙwarin: yana tare sanyin dare, yana tare ruwa. Inda aka sare itatuwa, sanyi na shiga. A Janairun 2002 ruwan sama da sanyin da ya biyo bayansa sun kashe kimanin kashi uku cikin huɗu na monak a manyan masaukai biyu.

A 2000 gwamnatin Meksiko ta keɓe hekta 56,259 a matsayin gandun monak, UNESCO kuma ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Sai dai yawancin ƙasar mallakar ƙauyuka ce da al'ummomin asali, waɗanda katako ke cikin hanyoyin abincinsu. An haramta musu sara a tsakiyar gandun, aka kafa asusun biyan su diyya, wasu kuma suka koma karɓar 'yan yawon buɗe ido. Satar katako ta ragu ƙwarai daga abin da take a tsakiyar shekarun 2000, amma faɗaɗar gonakin fiya da ake kai wa kasuwar Amurka, da ƙungiyoyin 'yan bindigar da suka addabi Michoacan, sun ci gaba da matsa wa yankin.

Homero Gomez Gonzalez tsohon mai sarar itace ne da ya koma jagoran kare daji a masaukin El Rosario, yana shirya sintiri da dashen itatuwa. Ya ɓace ranar 13 ga Janairu, 2020. Ranar 29 ga watan aka tsinci gawarsa a cikin wani ramin tara ruwa, da rauni a kai. 'Yan kwanaki bayan haka aka sami gawar Raul Hernandez Romero, mai yi wa baƙi jagora a gandun. Masu fafutuka sun yi zargin mutuwar Gomez na da alaƙa da aikinsa.

Shekara goma a teburin gwamnati

A Fabrairun 2014, a birnin Toluca, Barack Obama na Amurka da Enrique Pena Nieto na Meksiko da Stephen Harper na Kanada suka amince su kafa kwamitin ceto monak. A Agustan shekarar wasu ƙungiyoyi tare da Lincoln Brower suka shigar da buƙatar a saka shi ƙarƙashin dokar kare halittu masu ƙarewa ta Amurka.

Sai a Disamban 2020 hukumar kula da namun daji ta ba da amsa: ya cancanci kariya, amma akwai waɗanda suka fi shi buƙatar gaggawa. Kanada ta ayyana shi cikin masu dab da ƙarewa a 2023. A Disamban 2024, shekara goma bayan shigar da buƙatar, hukumar ta Amurka ta gabatar da shawarar saka shi cikin jerin masu fuskantar barazana, inda ta ƙiyasta cewa yiwuwar ƙarewar monak na gabas kafin 2080 ta kai kashi 56 zuwa 74 cikin 100. Jan ƙafar ba abin mamaki ba ne. Kare dabbar da ke zaune a daji ɗaya abu ne mai sauƙi. Kare wadda gidanta gonakin miliyoyin mutane ne yana nufin taɓa harkar iri da magani da man fetur.

Gyara da ɓatawa

Jama'a ba su jira gwamnati ba, sai dai kyakkyawar niyya ta taɓa yin ɓarna. Da aka yi ta kira a shuka tumfafiya, masu lambuna da yawa sun sayi wani nau'i mai jan fure daga ƙasashe masu zafi, domin shi ya fi samuwa a kasuwa. Na gida yakan bushe da hunturu ya tafi da ƙwayoyin cutar da ke kansa. Baƙon kuwa a jihohin kudu kore yake duk shekara, sai wata ƙwayar cuta mai nakasa fiffike ta taru a kansa, wasu ƙwarin kuma su fasa tafiya Meksiko su zauna. An gudu gara an faɗa gidan zago. Daga nan masana suka dage cewa a shuka na asalin yanki, wanda lokacin tofowarsa da bushewarsa ya dace da zuwan ƙwaron da tafiyarsa.

Abin da ya fi ba da sakamako ya fito ne daga gona. Masu bincike a Jami'ar Jihar Iowa sun gwada barin kashi 10 cikin 100 na gona a matsayin ziri-zirin ciyawa da furannin asali a tsakanin shuka. Zaizayar ƙasa ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙwarin da ke barbarar furanni suka ninka fiye da sau uku. Dokar noma ta 2018 ta saka tsarin cikin abubuwan da gwamnati ke biyan manomi a kansu. A lardin Ontario na Kanada kuwa, gyaran na alƙalami ne: a 2014 aka cire tumfafiyar daga jerin miyagun ciyayin da doka ta wajabta wa mai gona ya kawar.

Sabara da kurna

Monak na da ɗan'uwa a ƙasar Hausa. Malam-buɗe-littafi ruwan goro mai baƙin gefe da fararen ɗigo da ake gani yana shawagi a hankali kusa da tumfafiya jinsinsu ɗaya, kuma tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, ta ɗauki dafinta. Farare da ɗorawa-ɗorawan da ke yawa da damina, wasunsu a kan tafasa da rai-ɗore suke girma, wasu a kan anza da jiga. Akwai kuma masu launin ƙasa da tsutsotsinsu ciyawa zalla suke ci.

Yankin ma zango ne na wata tafiyar da ta fi ta monak tsawo. Nau'in da ake kira Vanessa cardui kan baro Turai da kaka, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya hayayyafa a Sahel bayan damina, zuriyarsa kuma ta koma arewa. Zuwa da dawowa kilomita 12,000 zuwa 14,000. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa yawan waɗanda ke isa Turai ya danganta ne da irin koren da dajin kudu da Sahara ya yi a watannin da suka gabata.

A Oktoban 2013 masani ɗan Sifaniya Gerard Talavera ya tsinci wasu daga cikinsu a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, da yagaggun fukafukai. Binciken da aka wallafa a 2024 ya tabbatar da cewa sun ƙetare Tekun Atlantika ne daga Afirka ta Yamma, aƙalla kilomita 4,200. Cikin hujjojin har da garin furen da ya maƙale a jikinsu, wanda aka gano na sabara ne da na kurna. Guzurinsu na ƙarshe ke nan kafin teku.

Wuraren da irin waɗannan tsirrai ke rayuwa a Arewa sanannu ne: burtali, makiyaya, saura, gefen gona, bakin fadama da gandun daji. Su ne kuma filayen da ake yankawa a raba, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, duk da dokar keɓe makiyaya ta 1965. Gilifoset ma ana sayar da shi a kasuwannin ƙauye. A Maraɗi da Damagaram kuwa manoma sun nuna wata hanyar: da suka sami tabbacin cewa itacen gonarsu nasu ne, sai suka koma sassaben zamani, suna barin kututturan sabara da kalgo da gawo su tofo a cikin shuka. Filin da ya farfaɗo ta haka a Nijar an ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5.